Rahoton da Ya Kwana a Aljihun Tebur

Manomin albasa a Aliero, ko ɗan kasuwar da ke jigilar hatsi tsakanin Jega da Maiyama, zai iya ganin Maiduguri ta yi masa nisa, abin da ya faru a Barikin Giwa kuma ba ruwansa. A da wannan tunani yana da madafa. Amma tun da Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamba 2024, kotun tarayya kuma ta ayyana su 'yan ta'adda a farkon 2025, yaƙi ya shigo Jihar Kebbi. Duk inda yaƙi ya shiga, kame yana biye da shi, kuma ba mai laifi kaɗai ake kamawa ba.

A watan Yuni 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun sojoji a wuraren tsare mutane na Arewa maso Gabas tun daga Maris 2011, saboda yunwa, ƙishirwa, cunkoso da azabtarwa. Ta ce a Yunin 2013 kaɗai an kai gawa sama da 1,400 daga Giwa zuwa wani ɗakin ajiye gawa na Maiduguri. Ta ce kuma ranar 14 ga Maris 2014, bayan Boko Haram ta fasa barikin, an kashe fiye da 640 daga cikin waɗanda aka sake kamawa. Rundunar soji ta musanta, wani kwamitinta na cikin gida kuma ya wanke hafsoshin da aka ambata a 2017.

Ba dole ne kowa ya gaskata Amnesty ba. Gwamnati ma ba ta gaskata ba, shi ya sa a Agusta 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill. Kwamitin ya zagaya shiyyoyin ƙasa, ya saurari shaidu, ya miƙa rahotonsa a Fabrairu 2018. Daga nan shiru kake ji. An kashe kuɗin jama'a, iyaye da zawarawa sun fito bainar jama'a sun faɗi abin da ke ransu duk da tsoro, sannan aka kulle sakamakon. Idan rahoton ya wanke sojoji, ɓoye shi zalunci ne a kansu, domin zargi na nan a wuyansu. Idan kuwa ya kama wasu, to waɗanda ya kama sun ci gaba da samun ƙarin girma, ƙananan da ke bayansu kuma sun koyi darasi. Ɗabi'ar tsohuwa ce: rahoton Kwamitin Oputa na 2002 ma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka bankaɗo shi.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce tsaron ƙasa da ƙarfin guiwar dakaru. Hujja ce da ta cancanci a saurara, musamman a Kebbi, inda mutanen ƙauye ke roƙon a ƙaro musu sojoji. Sai dai sirrin yaƙi yana da iyaka. Hanyar da runduna za ta bi gobe sirri ce. Sunan wanda aka tsare, wurin da yake, da dalilin mutuwarsa idan ya mutu, ba su amfanar da abokin gaba da komai. Ɓoye su ne ma ke amfanarsa, domin ƙauyen da aka ɗauke wa samari ba bayani yakan daina ba hukuma labari.

Ba sai an je Borno ba kafin a ga yadda kame ke haɗawa da marar laifi. A barikin Wawa da ke Kainji a Jihar Neja, maƙwabciyar Kebbi, aka fara shari'ar tsararrun Boko Haram a Oktoba 2017, aka hana 'yan jarida shiga. A zaman farko an hukunta mutum 45, an sallami 468. Wato a madadin kowane mutum ɗaya da aka samu da laifi, an saki goma, da yawansu bayan shekaru a tsare.

Masu ganin lokaci zai binne maganar su dubi Birtaniya. Ta shafe kusan shekara hamsin tana ɓoye takardun azabtar da tsararrun Mau Mau na Kenya, har shari'a ta tilasta mata fito da su a 2011. A 2013 ta biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228, a lokacin da mafi yawan waɗanda aka azabtar sun riga mu gidan gaskiya. Ita ma Najeriya maganarta tana gaban Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya a Disamba 2020, lokacin da Fatou Bensouda ta ce akwai hujjar buɗe cikakken bincike a kan Boko Haram da jami'an tsaro duka biyu. Wannan kotu tana shiga ne kawai inda ƙasa ta ƙi ko ta kasa bincikar kanta.

Kayan aikin suna nan cikin gida. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, kuma ko a sha'anin tsaro ta ce a saki bayani idan maslahar jama'a ta rinjayi illar sakinsa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ce yaƙi ba ya zama uzuri. Sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulki sun ba Majalisar Tarayya ikon kiran kowace takarda. Jega, Aliero da Maiyama duk suna cikin mazaɓar Kebbi ta Tsakiya, suna da sanata da 'yan majalisar wakilai, suna da lauyoyi da malaman jami'a. Abu biyu ya kamata su nema tun ɗakunan tsare mutane na wannan yanki ba su cika ba: a buga rahoton Georgewill, a kuma buɗe rajistar tsararru wadda uwa za ta je ta duba sunan ɗanta.