SHARHI: Araha Ba Ta Ado, Darasin Da Na'urar CD Ta Bar Wa 'Yan Kasuwar Azare

Duk wanda ya leƙa rumfar mai gyaran rediyo a Azare da wuya ya rasa ganin tulin na'urorin CD da suka mutu, an jibge su a lungu ana ciran sassansu. Kowace ɗaya daga cikinsu kuɗin wani magidanci ne, wataƙila na nan cikin gari, wataƙila kuma na Gamawa, ko Giade, ko tsohon garin Katagum. Ko da yake zamanin faifan CD ya ja baya, tulin nan yana ɗauke da darasin da ya kamata masu sayar da kayan lantarki su tsaya su duba.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka ƙirƙiro faifan CD, kuma a 1982 aka fara sayar da na'urarsa a Japan. A wancan lokaci kayan masu hali ne. A Nijeriya ma, faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta sa talaka ya ci gaba da riƙon kaset ɗinsa. Al'amarin ya canza ne bayan fitowar faifan bidiyo na VCD a 1993, musamman da masana'antun ƙasar Sin suka shiga ƙera na'urori masu rahusa. Daga shekarar 2000 zuwa gaba, kayan suka riƙa kwararowa daga kasuwar Alaba ta Legas zuwa Kano, daga nan 'yan sari su ɗauko su zuwa Azare. Da finafinan Hausa suka tashi daga kaset suka koma faifai, sai cinikin ya buɗe sosai.

Adalci ne a faɗi alherin na'ura mai araha. Ita ce ta shigar da karatun Alƙur'ani, da tafsiri, da waƙa, da fim cikin gidajen da ba za su taɓa iya sayen ta babban kamfani ba. Ta fuskar sauti kuwa, bambancin mai tsada da mai araha bai taka kara ya karya ba, domin bayanin da ke kan faifan iri ɗaya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarko.

Na'urar CD tana karanta faifai ne da wani siririn haske da ke fitowa ta ɗan ƙaramin gilashi, yana bin layukan da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, alhali faifan yana juyawa sau 200 zuwa 500 a minti guda. Irin wannan aiki ba ya son ƙura, ba ya son zafi, ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Ƙasar Katagum kuwa tana da duka ukun: hazon hunturu, da zafin bazara da kan haura awo 40, da wutar NEPA ta wancan zamani wadda in ta ɗauke sai a koma wa ƙaramin janareta. Mai ƙera na'urar araha a waɗannan wurare yake rage kuɗi, wato gilashin, da injin juya faifai, da sashen karɓar wuta. Shi ya sa na'urar kan fara da tsallake waƙa, ta koma ƙin karanta faifai, daga bisani ta yi shiru.

Lissafin a bayyane yake. A ɗauka na'ura biyu ce, ɗaya rabin kuɗin ɗayar. Idan mai arahar ta yi shekara guda ta mutu, mai tsadar kuma ta yi shekara huɗu, to wanda ya bi araha zai biya ninki biyu na abin da ɗan'uwansa ya biya, ban da kuɗin gyara da na mota zuwa gari.

Amma babbar illar ba a nan take ba. Ba dukkan na'urori masu araha ne marasa kyau ba. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar bambancewa. Kwali iri ɗaya, sunaye masu kama da na manyan kamfanoni, ba rasit, ba garanti. A 1970 masanin tattalin arzikin Amurka George Akerlof ya yi bayanin wannan hali da misalin kasuwar tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya gane mai kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai ɗan kasuwa mai gaskiya ya daina kawo ta, jabu ya mamaye kasuwa. Wannan nazari na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. Hukumar SON ta ɓullo da shirin SONCAP a 2005 don tantance kayan da ake shigowa da su, dokar kare masu saye ta 2018 kuma ta ba mutum ikon mayar da kayan da aka samu da aibi. Sai dai doka ba ta isa kowace rumfa ba, kuma wanda ba shi da rasit ba shi da hujja.

A yau wayar hannu da katin memori sun karɓe aikin faifai. Rumfunan da suka sayar da CD sun koma sayar da lasifika mai caji, da fitila da batirin sola, kuma halin bai canza ba. Maganin yana hannun 'yan kasuwa. Su rarrabe kaya daraja-daraja, su gaya wa mai saye gaskiyar kowanne. Su gwada kaya a gabansa, su ba shi rasit mai ɗauke da wa'adin canji ko gyara. Ƙungiyarsu kuma ta haɗa kai ta nemi irin wannan sharaɗi daga diloli na Kano da Legas.

Azare gari ne da mai saye da mai sayarwa kan haɗu a masallaci da wurin suna. Ribar na'ura guda takan ƙare cikin mako, amma mutumin da aka cuta ba ya mantawa da rumfar da ta cuce shi.