Wasiƙar Daura: Wanda Alƙali Ya Yi Wa Iyaka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, in faɗa wa 'yan'uwa malamai da ma'aikata wani al'amari da ya zo hannuna.

Ran Laraba da la'asar wani ɗan ƙanena ya zo mini daga wajen Sandamu, ransa a ɓace. Ya saki matarsa, ta gama idda a gidan ubanta da 'ya'yansu biyu, sa'an nan nadama ta kama shi. Ya dinga sintiri a ƙofar gidan, yana kiranta a waya da tsakar dare, duk wanda ya zo neman aurenta ya tare shi da baƙar magana. Da abin ya ishi uban, ya kai ƙara. Alƙali ya yi masa iyaka da gidan, ya hana shi kiranta, ya kuma sa ya kawo mai tsaya masa. Yaron ya ce mini, "Baba, an zalunce ni. Ba a ji shaiduna ba, an kuma raba ni da 'ya'yana. Gobe fada za ni in kai kuka."

Na ce masa, "Ɗana, zauna tukuna. Abin da ka yi wa yarinyar nan cuta ne, shari'a kuwa ba ta yarda da cuta ba. Kada ka sa rai wata kotu za ta buɗe maka hanyar ƙofar gidan nan. Amma maganar shaidu da ta 'ya'ya, lalle suna da inda ake kai su."

To jama'a, ga abin da na bayyana masa, ko wani ya amfana. A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, wanda bai yarda da hukuncin alƙali ba yana iya kai kuka majalisar Sarki. Amma tun 1968 aka raba kotuna da En'e. Yau fada tana sulhu da nasiha, ba ta warware hukunci. Matakan su ne Kotun Shari'a, sai Babbar Kotun Shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba wannan ta ƙarshe ikon duba al'amuran aure da riƙon yara da gado. Wanda ke shakkar amfanin hawa matakan nan, ya tuna Amina Lawal. Kotun Bakori ta yanke mata hukunci a 2002, ta Funtuwa ta tabbatar, amma a watan Satumba 2003 kotun Katsina ta rushe shi.

Abu na farko, a kiyaye wa'adi. Kwana 30 ake ba mai ɗaukaka ƙara, wanda ya makara kuwa sai ya roƙi ƙarin lokaci, ya kawo uzuri mai ƙarfi. Na biyu, ya nemi kwafin shari'ar daga magatakarda, gama alƙalan sama abin da ke rubuce suke dubawa. Na uku, ya san dalilinsa. "Ban ji daɗi ba" ba dalili ba ne. Amma malamanmu masu karanta Tuhfa ta Ibn Asim sun san i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin ya yanke. In ba a yi wannan ba, hukunci ya sami rauni. Sashe na 36 na tsarin mulki ma ya wajabta a saurari kowane ɓangare.

Maganar 'ya'ya kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya reno na uwa ne, amma ciyarwa da tarbiyya da ganinsu ba su faɗi daga kan uba ba. Sai ya roƙi kotu ta tsara yadda wata gwaggonsu za ta riƙa kawo masa su gidan kaka ran Juma'a, ba tare da ya taka inda aka hana shi ba.

Na huɗu shi ne mafi girma. Ɗaukaka ƙara ba ta ɗage umarnin alƙali da kanta. Muddin kotu ba ta dakatar da shi ba, wanda ya ƙetare iyakar ya jawo wa kansa ɗauri, ya kuma ba abokin shari'arsa shaidar da ba ta da makawa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, in ta yi aure fa?" Na ce, "Sai ka yi mata fatan alheri, uwar 'ya'yanka ce." Da safe na raka shi wurin magatakarda, ya biya kuɗin kwafi ya karɓi rasit. Dalilai biyu kaɗai muka rubuta, na shaidu da na 'ya'ya.

Ina roƙon malamai su riƙa bayyana wa mutane waɗannan hanyoyi a zaure da masallaci, domin rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya sa mu dace, amin.

Haza wassalam,
Mai Wasiƙar Daura