Kishiyar da Na Kashe a Hanyar Wudil

Lokacin da nake 'yar sakandare a Gwaram, bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, littafin hikaya sai ya sha hanya kafin ya zo hannunmu. Daga Kasuwar Sabon Gari ta Kano zai biyo mota ta Wudil, ya sauka wajen mai ba da hayar littattafai kusa da tashar Birnin Kudu, sannan yayana ya ƙunso mana shi a aljihu. Kafin ya iso ya ratsa hannu goma, bango ya yi laushi, ga tabon manja. Yawancin littattafan kuma kashi-kashi ne. Na ɗaya ya zo, na biyu sai an ga dama.

Ni ce mai karatun gidanmu. Bayan sallar isha'i matan gida su shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, in karanta suna ɓarar gyaɗa. A haka muka sauke In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ranar da muka kai inda Rabi ta kama sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta, tsakar gidan ya yi tsit, domin kowacce ta san wata Rabin.

Wata rana aka kawo wani littafi, na biyunsa ya ƙi zuwa. Mako biyu suna tambaya. Sai na ɗauki littafin rubutun makaranta na ƙarasa labarin da kaina, cikin dare uku. Akwai muguwar kishiya a ciki, na rasa yadda zan yi da ita, sai na sa ta a mota, na kifar da motar a hanyar Wudil.

Ina gama karanta wa matan gida, Gwaggo ta ajiye kwano.

"'Yar nan, wannan ba ajali ba ne. Ke kika kashe ta don kin gaji da ita."

Na ce, "Gwaggo, ai muguwa ce."

"To, me ya mai da ta muguwa? Haka aka haife ta? Je ki tambayo ta."

Na kwana da zafin maganar. Gwaggo ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, amma ta yi shekara talatin da abokiyar zama, ta kuma san mace ba ta wayar gari kawai ta tsani 'yar'uwarta. Har yau, idan na ga marubuci ya warware ƙulli da haɗarin mota, ko gado ya faɗo daga sama, nakan ji cewa alƙalami ne ya gaji, labarin bai ƙare ba. Mu marubuta mun cika yin haka, musamman yanzu da masu karatu a WhatsApp suke matsa mana da "a ci gaba" kullum safiya.

Yau ina koyarwa a Birnin Kudu. Ina rubutu a waya bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, in caji ya kai. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. A labarin da nake kai yanzu akwai wata uwargida da ta tsaye mini a babi na tara, mako uku ke nan. Jiya na goge shafi huɗu, na koma da ita gidan ubanta tana 'yar shekara goma sha uku, daren da aka ce mata an ba da ita.