Mai waya ɗaya, Linux a cikin folda ya ishe shi

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke son koyon rubuta manhaja amma ba shi da kwamfuta, sau da yawa shawarar farko da yake samu ita ce ya fasa makullin wayarsa, ya sauya mata babbar manhaja. Ga wanda wayar nan ita ce bankinsa, ita ce shagonsa, wannan ganganci ne.

Buɗe makullin yana goge duk abin da ke cikin waya. Manhajojin banki da yawa kuma suna ƙin aiki a wayar da aka yi wa rutin. Idan aikin ya lalace a tsakiya, wayar na iya ƙin tashi, sai mai ita ya kama hanya daga Tsafe ko Bungudu zuwa wajen masu gyara a Gusau.

Akwai hanya mafi sauƙi, wato a ajiye babbar manhaja ta biyu a cikin folda guda. Dabarar ta daɗe. A 2008 Ubuntu ta fito da Wubi, wadda ke zuba Linux a folda a cikin Windows ba tare da an raba ma'ajiyar kwamfuta ba. Idan an kunna, sai mutum ya zaɓi wadda zai shiga. An daina saka Wubi a 2013, amma tunanin ya dawo a waya.

A Android, manhajar Termux ce ke wannan aiki, kuma ana samunta kyauta a F-Droid. Bayan an sauke ta, a rubuta pkg install proot-distro, sai proot-distro install debian, sannan proot-distro login debian. Shi ke nan, Debian ta zauna a foldarta, Android na nan yadda take. A ciki ana iya koyon Python, Git da umarnin Linux da ake tafiyar da yawancin sabobin intanet da su.

Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin amfanin wannan. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu sabis. Karatun da ya dogara da shafin intanet ya tsaya cak. Abin da aka riga aka sauke a folda kuwa yana aiki ko babu data.

Masu suka suna cewa wannan ba cikakken Linux ba ne, kuma suna da gaskiya. Tsarin yana aro ne daga zuciyar Android, ba ya tashi da kansa, yana da nauyi a ƙananan wayoyi, kuma daga Android 12 zuwa sama wayar kan kashe wasu ayyukan da ke gudana a bayan fage. Wanda ya goge Termux kuma ya goge duk aikinsa, don haka dole a riƙa kwafe shi zuwa katin memori.

Sai dai mai koyo bai buƙatar fiye da haka a shekararsa ta farko. Idan ya ɓata wani abu, folda kawai zai goge ya sake saukewa, asusun bankinsa da hotunansa na nan lafiya. Fasa makulli ya jira ranar da aka samu waya ta biyu.