Tekun Turner Ba Ado Ba Ne

A ƙarni na 19, masu zane da yawa a Turai sun shaƙu da teku. Sukan zana igiyar ruwa da guguwa da jirage masu tangal-tangal, domin su nuna ƙanƙantar ɗan Adam a gaban halitta. Wasu suna ɗaukar irin wannan zane a matsayin abin ƙawata bango kawai. A ganina sun yi kuskure, kuma aikin Turner, mai zane ɗan Ingila, ya isa hujja.

A shekarar 1840, Turner ya baje wani zanen fentin mai a Landan, wanda ake kira "Jirgin Bayi". Abin da ido ke fara gani shi ne faɗuwar rana, sama ta yi jawur kamar gobara. Can gefe ga jirgi yana fuskantar guguwa. Sai mutum ya duba ƙasa sannan zai ga hannuwa sun ɗago daga ruwa, da wata ƙafa ɗaure da mari, kifaye sun kewaye ta. Ana danganta zanen da jirgin Zong, wanda ma'aikatansa suka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku a 1781, masu jirgin kuma suka nemi masu inshora su biya su diyya.

Akwai masu cewa bai dace a lulluɓe irin wannan ta'asa da launi mai kyau ba. Maganarsu tana da nauyi. Amma kyan launin ne yake tsayar da mai wucewa a gidan tarihi na Boston, inda zanen yake yanzu, har idonsa ya kai kan hannuwan nan.