Allura ta tsaya, mai HND ma ya tsaya

A hutun da ya wuce kakana ya miƙo min rediyonsa a zauren gidanmu da ke Kwarbai. Akwatin nan ya girme ni, da shi yake jin BBC da Rediyon Kaduna tun mahaifina yana firamare. Ana murɗa maɓallin neman tasha, allura ko gezau. Ya ce, "Ai kai ne injiniyan gidan, duba mana." Na kwance bayansa, na ga zare ya tsinke yana reto, na rasa ta inda zan kama. Ni fa da na ci jarrabawa a kan koyil da kafasita! Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage.

Washegari na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen kasuwar birni. Kafin ya taɓa komai sai da ya zana hanyar da zaren ya bi a jikin kwali. Sannan ya nuna min abin da zaren yake juyawa: kafasita mai jerin faranti biyu, ɗaya a kafe, ɗaya yana shiga tsakanin ɗan'uwansa ba tare da sun taɓa juna ba. In farantan sun shige ciki, ka gangaro wajen mita 49. In sun fito, ka haura wajen mita 19. Lissafin da muka haddace a aji ke nan, ga shi yana motsi a gabana.

Ya ce zaren bai tsinke a banza ba. Tsohon giris ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare, aka yi ta murɗawa da ƙarfi. Ya wanke, ya ɗiga mai, ya naɗa sabon zare, ya maƙala sifirin, ya daidaita allura da tashar da ya sani. Na ce, "Baba, a ina kuka koya?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, a nan, a kan bencin nan. Amma yau ba ni da ko almajiri ɗaya."

Maganar nan ce ta hana ni sakat. Na san wani zai ce, "Malam, ana zamanin waya wa ke ta gajeren zango?" To ai ba rediyon ne abin dubawa ba, hannun ne. A Turai da Amurka har gobe masu sha'awar oba-oba suna kwance irin su Yaesu FT-101, ƙirar Japan ta shekarun 1970, su wanke giyar neman tasha su mayar, su yi hira da wata nahiya. Mu kuwa da yawanmu furojet ɗin ƙarshe saye muke yi, mu haddace bayani mu kare shi, ranar da ya lalace mu yi zuru. Wanda bai taɓa bin sawun matsala da idonsa ba, yaya zai yi da inbata ko janareta in ya fita?

Shawarata biyu ce. In lokacin SIWES ya zo, maimakon neman ofis mai sanyi inda aikinka sa hannu a littafi, ka nemi benci. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo ba za ka rasa mai gyara ba. Ita kuma ƙungiyar ɗalibai ta riƙa gayyato dattawan nan ko sau ɗaya a zango, a biya su haƙƙinsu, kowa ya zo da mataccen rediyon gidansu.

Su suna da hannu, mu muna da lissafi, kuma shekaru sun ja musu. In muka bari suka tafi da abin da suka sani, takardar shaida kawai za ta rage mana.

Rediyon kakana dai yana magana. Zanen kwalin kuwa yana cikin littafina.