Kafin "Nawa Ka Samo?"

Kin tuna layin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010? Da yawanmu nan Karofi da shi muka riƙa gaisawa da 'ya'yanmu 'yan ci-rani. To, wanda ya kafa Celtel shi ma a baƙunta ya yi arziki.

Mo Ibrahim ɗan Sudan ne, haihuwar 1946. Ya karanta injiniyanci a Iskandariya ta Masar, ya wuce Ingila a 1974. A 1998 ya kafa kamfanin wayar salula domin Afirka, lokacin da masu jari ke gudunta. Sharaɗinsa ɗaya: ba cin hanci. Duk biyan da ya haura dala 30,000 sai hukumar gudanarwar kamfanin ta amince. A 2005 aka sayar da kamfanin dala biliyan 3.4, ma'aikata suka sami rabonsu, shi kuma ya ci gaba da zuba jari a kamfanonin Afirka.

Uwa, ranar da ɗanki ya aiko da kuɗi daga Legas ko Turai, kafin ki ce "nawa ne?" fara tambayarsa "ta ina?" Allah Ya ciyar da zuri'armu halal, amin.